Dorugu Ɗan Dambanas

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na Hausa ya ba mu aikin gida, ya ce kowa ya rubuto tarihin rayuwarsa, kada ya gaza shafi biyu. Aji ya kaure da dariya, don a ganinmu tarihi na sarakuna ne da malamai da mayaƙa, ina ruwan ɗan makaranta da shi? Ni dai na zauna da dare na rubuta ranar da aka haife ni, da sunan unguwarmu, da shekarar da aka sa ni makarantar allo, da wadda na shiga firamare. Ban cika rabin shafi ba zance ya ƙare mini. Da Malam ya duba sai ya mayar mini da takardata, ya ce wannan ai takardar neman aiki na rubuto, shi kuwa labari ya tambaya.

Bayan kwana biyu ya shigo aji da waɗansu takardu da aka ɗauko hotonsu daga wani tsohon littafi mai suna Magana Hausa, wanda aka buga a Landan cikin 1885. Ya rarraba mana, ya ce mu je mu karanta a tsanake, mu kuma sani wanda ya ba da labarin da ke ciki bai girme mu ba sa'ad da ya ba da shi. Sunansa Dorugu. Tun daga ran nan zancensa bai fita raina ba, shi ya sa na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na tsinta game da shi.

An haifi Dorugu wajen 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram, watau a Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Ubansa makaɗi ne, yana kuma noma kamar kowa. A zamanin nan Damagaram tana ƙarƙashin Barno, tana kai gaisuwa ga Shehu a Kukawa, bayi kuwa suna cikin manyan abin da ake kaiwa. Saboda haka talakan ƙauye ba ya barci da ido biyu rufe. In mahara ba su zo daga nesa ba, mayaƙan sarkin ƙasar da kansu sai su fita su kamo mutane. Wani Baturen Ingila, James Richardson, da ya sauka Damagaram a farkon 1851, ya ga an shigo da irin waɗannan kamammu cikin birni da idonsa, ya kuma rubuta. Gidan su Dorugu bai tsira ba. Uwarsa aka fara kamawa aka tafi da ita. Daga baya shi ma aka kama shi, yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka, aka kai shi birnin Damagaram, daga hannun wannan sai hannun wancan, har ya faɗa hannun wani Balarabe a Kukawa.

A nan na fara tsayawa. Na ɗauka zan tarar da kuka da kururuwa shafi bayan shafi, sai na ga Dorugu yana jero al'amuran nan kamar mai ƙidayar zango: aka yi kaza, sa'an nan aka yi kaza, sa'an nan aka tafi wuri kaza. Karatun farko har na ce a raina yaron nan taurin zuciya gare shi. Da na faɗa wa Malam haka sai ya ce in koma in karanta da ƙarfi, yadda kunnena zai ji. Na karanta, sai na tuna yadda manya ke ba da labarin rasuwa a wurin zaman makoki. Mutum zai ce ya kwanta ran Laraba, ran Jumma'a da hantsi aka kira mu, bayan Azahar aka kai shi. Ba zai ƙara ko kalma ɗaya ba, amma duk wanda ke zaune ya san abin da ke cikin cikinsa. Haka Dorugu ya yi. Kuma kada a manta, wa baƙo yake ba da labarin, a baƙuwar ƙasa.

Yadda Turawa suka shigo cikin rayuwarsa kuwa shi ne, cikin 1850 Gwamnatin Ingila ta aiko mutum uku daga Tarabulus su ratso hamada, su duba hanyoyin ciniki, su ƙulla yarjejeniya da sarakunan ƙasashenmu. Richardson ɗin nan shi ne shugaba, tare da shi akwai Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Mutanen ƙasa sun san Barth da sunan Abdulkarim, Overweg kuwa suna ce masa Tabib, watau likita. Richardson bai kai Kukawa ba, ya mutu a hanya cikin watan Maris na 1851. Overweg shi ne wanda ya harhaɗa jirgin ruwan da suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, ya shiga Tafkin Cadi da shi. Wurinsa aka kai Dorugu aikin kula da raƙuma, daga baya ya biya ya 'yanta shi, kamar yadda ya 'yanta wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Overweg, ya mutu a Maduwari, bakin tafkin, cikin watan Satumba na 1852, yana da shekara 30.

To, ga yaro ya sami 'yanci, amma ina za shi? Tsakaninsa da gida tafiyar makonni ce, hanyar kuwa ita ce dai wadda aka bi da shi a ɗaure. Shi da Abbega suka koma wurin Barth suka zama yaransa.

Ran 25 ga Nuwamba 1852 Barth ya tashi daga Kukawa ya nufi yamma. Suka bi ta Damagaram da Katsina, suka sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba kusa da Wurno, suka shiga Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, har suka isa Tambutu ran 7 ga Satumba 1853. A can suka yi wata da watanni cikin zullumi, don masu mulkin Masina sun nemi a ba su Baturen ko a kore shi, ba don Shaihu Ahmad al-Bakka'i ya tsaya musu ba da labarin ya sha bamban. Suka juyo cikin 1854, suka biyo ta Kano, suka koma Kukawa a ƙarshen shekara. Cikin watan Mayu na 1855 suka ɗauki hanyar hamada ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Faransa, a watan Satumba sai ga su a Landan. Duk wannan tafiya Dorugu ya yi ta bai cika shekara goma sha shida ba. Ni da nake rubutun nan, iyakacin nisan da na taɓa yi kwana ɗaya ne a mota, shi ma sai da na yi amai sau biyu.

Barth ya rubuta labarin tafiyar nan cikin manyan littattafai biyar, aka buga su a 1857 da 1858, har yau kuwa masana tarihi suna dogara da su. A ciki akwai hoton Dorugu da Abbega da aka zana, sunan ma Dyrregu ya rubuta shi. Malam ya karanto mana kaɗan daga Barth don mu gwada da na Dorugu, a nan ne na gane abin da yake nufi da karatu a tsanake. Hanya ɗaya suka bi, rana ɗaya ta doke su, amma kai ka ce ba tare suka yi tafiyar ba. Barth idonsa yana kan inda kogi ya nufa, da yawan mutanen gari, da kuɗin kaya a kasuwa, da littattafan malamai. A Gwandu ya sami Tarikh al-Sudan ya zauna yana kwafa, murna kamar an ba shi sarauta. Dorugu kuwa abin da ya riƙe shi ne abin da aka ci da ranar da ba a ci ba, da ƙishirwa, da halin dabbobin da yake kora, da wanda ya yi masa kirki da wanda ya tsorata shi. Wanda ke bisa doki da wanda ke jan akala ba abu ɗaya suke gani ba. In ana neman sunan sarki da shekarar da ya hau, sai a buɗe Barth. Amma in mutum yana so ya san yadda tafiyar ayari take a jikin yaron da ke ɗaura kaya tun da asuba, to, Barth bai ɗaura ba, Dorugu ya ɗaura.

Da suka isa Turai sai al'amari ya juye. Da can Bature ke kallon mutanenmu yana rubuta al'adunsu, yanzu ga ɗan Damagaram yana kallon Turawa. Barth ya kai su Hambug wurin danginsa, suka ga Jamus. Dorugu ya lura da yawan shan tabar Jamusawa. Ya kwatanta yadda mutanen Ingila ke zaman cin abinci, da yawan ƙa'idodinsu a kan tebur, daki-daki, kamar yadda matafiyi ke kwatanta al'adar wata ƙabila ta bayan duwatsu. Wannan wuri ya fi ko'ina ba mu dariya a aji. Bai raina su ba, bai kuma ruɗe ba. Kallo kawai ya yi, ya faɗi abin da ya gani. A ganina wannan shi ne mafi daɗi a littafin duka.

Niyyar Barth ita ce ya mai da yaran gida, har an shirya musu jirgi a farkon 1856. Sai wani limamin Kirista, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin Ingila, James Frederick Schön, ya shiga tsakani ya ɗauke su zuwa gidansa a yankin Kent. Barth ya ji haushin wannan ƙwarai. Shi Schön ya taɓa biyo jirgin da ya shigo Kwara cikin 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, tun daga lokacin ya ɗora wa kansa koyon Hausa, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Samun Bahaushe a cikin gida, ai tsuntsu daga sama gasasshe. Ya zaunar da Dorugu yana faɗa yana rubutawa: labarin rayuwarsa, da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyi, da duk abin da ya iya tunawa. Da taimakonsa ya fassara waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki na Kirista, ya buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, sa'an nan Magana Hausa a 1885. An yi wa yaran biyu baftisma, aka sa wa Dorugu James Henry. Schön ya sami lambar yabo a Faransa, Jami'ar Okusfod kuma ta ba shi digirin girmamawa saboda aikinsa a kan Hausa.

Nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Bakin na Dorugu ne, amma alƙalamin na Schön ne. Yaro ne zaune a gidan mutum, yana cin abincinsa, yana sa tufafin da ya saya masa, mutumin kuwa malamin addini ne, kuma ba ya ga maciji da tsohon ubangidan yaron. Ko ni aka sa in ba da labarina a gaban Shugaban Makaranta, ai na san abin da zan faɗa da wanda zan haɗiye. Ba ina cewa Dorugu ya yi ƙarya ba ne. Cewa nake duk inda ya yabi wani ko ya wuce wani abu da sauri, sai na tambayi kaina wa ke zaune gabansa sa'ad da yake maganar. Haka kuma Schön ba don labarin ya rubuta shi ba, harshen yake nema. Mu kuwa wannan ya yi mana rana, don da labarin ne ya dame shi da wataƙila ya gyara shi ya yi masa ado irin na wa'azi.

Rubutun kansa sai da muka sha wuya kafin mu saba da shi. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, don a lokacin ba a ƙago haruffan nan masu lanƙwasa ba. Schön yana rubuta abin da kunnensa ya jiyo masa ne, wani wuri ya haɗe kalmomi biyu, wani wuri ya raba ɗaya. Littafin koyon karatu da ya buga a 1857 ma, a sunansa letafi ya rubuta maimakon littafi. Amma in ka daure ka karanta a bayyane, sai ka ji Hausar Damagaram tana fitowa, irin wadda muke ji a bakin masu zuwa cin rani daga Nijar. Wani abokina ɗan wajen Daura shi ya riƙa warware mana waɗansu kalmomin da suka gagare mu, ran nan ya yi ta hura hanci. Abin mamaki, muryar yaron da ya yi magana fiye da shekara ɗari da sittin da suka wuce, ga ta a ajinmu.

Abbega ya komo gida cikin 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Jikansa, Maimaina na Jega, wanda ya zama Sarkin Askira, shi ma ya bar labarin rayuwarsa da Hausa. Cikin 1971 waɗansu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka haɗa labarin Dorugu da na Maimaina cikin littafi guda da Turanci, tare da bayanai.

Dorugu shi sai 1864 ya dawo, bayan wajen shekara takwas a gidan Schön, ya iya Turanci, ya iya karatu da rubutun boko. Ya yi aikin tafinta wa Turawan da ke zirga-zirga a bakin Kwara. Da tsufa ya kama shi sai ga shi a Kano, yana koyarwa a makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa cikin 1909. Shi Ɗan Hausa ɗin ya ratso hamada daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, watau hanyar da Dorugu ya bi yana yaro, shi daga kudu, wannan daga arewa. A Nasarawa Dorugu ya rasu cikin 1912, shekarar da Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idodinsa na rubutun Hausa da boko. Matar Ɗan Hausa, Isabelle, ta ambace shi a littafin da ta rubuta da Faransanci, ta ce da aka buɗe kayansa an tarar da tarin tabarau, da gwangwanaye, da kuɗin da ya adana.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, labarin da ya bayar da bakinsa a Ingila ya tsaya, yana saurayi. Bayan nan ya rayu fiye da shekara hamsin. Ya ga zuwan kamfanin Turawa a Kwara, ya ga faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, ya ga an rufe kasuwannin bayi irin wadda aka sayar da shi a ciki, ya koyar da 'ya'yan sarakuna haruffan da aka fara gwadawa a kan maganarsa. Ya iya rubutu sarai. Amma abin da muke karantawa game da waɗannan shekaru duk daga alƙalamin waɗansu ya fito, layi biyu a nan, layi uku a can. Mutumin da ya fi kowa cancantar ya gaya mana yadda zamani ya juya, ga shi mun san ƙuruciyarsa ciki da bai, tsufansa kuwa sai tabarau da gwangwani.

Da aka yi hutun tsakiyar zango na tafi gida da aikin Malam yana jirana. Wata rana da dare na zauna wurin kakata, na ba ta labarin Dorugu tun daga Dambanas har Landan. Ta yi shiru tana jan carbi, na ɗauka ma barci take. Can sai ta ce ai ita ma kakarta kamo ta aka yi. Daga wajen kudu aka kawo ta tana yarinya, tsagen fuskarta ba irin namu ba ne, har ta mutu kuwa in ranta ya ɓaci da wani harshe take gunaguni. Shekarata goma sha bakwai a gidan nan, ban taɓa jin wannan magana ba. Na tambayi sunan garinsu, kakata ta ce tsohuwar ba ta taɓa faɗa ba, su ma ba su tambaya ba, don a lokacin abin kunya ne. Abin da ta riƙe kawai shi ne in tsohuwar tana raba musu gyaɗa takan ƙidaya da harshensu, har yanzu kuma tana iya tuna ɗaya zuwa huɗu.

Washegari baffana ya ji abin da muka tattauna, ya kira ni zaure. Ya ce ba a tonon irin wannan, muna da 'yan mata a gida da ba su yi aure ba, mutane kuwa ba su da mantuwa in zancen asali ya taso. Ban yi masa musu ba, don na san abin da yake gudu yana nan, na sha jin ana yi wa wani gori da shi a filin ƙwallo. Muka rabu a kan ba zan ambaci sunan kowa ba, ba kuma zan faɗi garinmu ba, shi ya sa ba ku gan su a nan ba.

Kafin in komo makaranta na sake samun kakata da littafina da biro. Na ce ta maimaita mini ƙidayar nan a hankali. Ta faɗa, na rubuta yadda kunnena ya ji, na karanta mata. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce na ukun ban faɗe shi daidai ba, akwai wani sauti a maƙogwaro da na bari. Na gwada haruffan da na sani duka, babu wanda ya dace da shi. Na sa masa ɗigo a ƙasa, na rubuta a gefe cewa a nan ake maƙale murya. Aikin da na kai wa Malam shafi shida ya ci, kalmomin nan huɗu suna shafi na farko.